Bara'atu Tela da Rigar da Ba Ta da Ƙofa

Duk macen da ke kai ɗinki a Rafin Guza ta san Bara'atu Tela, kuma ta san bakinta. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana taka keke a ɗan shagon da ke jikin gidansu, tun mijinta Malam Ubaidullah yana masinja a ma'aikata har Allah ya yi masa rasuwa, kuma da keken nan ta sa 'ya'ya huɗu a makaranta. Lallashi ne dai ba ta iya ba. Za ta zagaya miki tef a ƙugu, fil uku a bakinta, ta ce, "Hajiya, kin ƙara inci biyu. Maigida ne ya samu ƙarin girma?" Ki fita kina rantsuwa kin bar zuwa. Sallah na matsowa ki dawo da ledarki, don rigar Bara'atu ba ta cin hammata, ba ta ɗagewa a ruku'u.

Taƙamarta ɗaya ce. A nuna mata hoto, ta kalla sau biyu, ta ɗauki almakashi. Tun zamanin kalandar teloli da ake mannawa a bango har aka koma waya, ba a taɓa kawo salon da ya gagare ta ba. Da wannan sunan take ci, ba ta da wani jarin.

Sai bara Alhaji Nasiru mai atamfa, na Babbar Kasuwa, ya samo wata manhaja a wayarsa, irin wadda ake kira ƙirƙirarriyar basira. Zai ɗauki hoton turmin atamfa, kafin ka ƙifta ido ta fito masa da wata santaleliyar mace sanye da riga, gaba da baya. Babu macen, babu rigar, ba a ko warware turmin ba. Ya riƙa zubawa a waya, mata na rububi. Kuma don neman lada, a ƙarƙashin kowane hoto ya rubuta: "Ɗinki sai Bara'atu Tela, Rafin Guza." Bai tambaye ta ba. Shi a ganinsa alheri ya yi mata. Irin alherin nan da ake ɗora wa mutum a ka ba gammo.

Cikin waɗanda hoton ya ɗauka har da Hajiya Zuwaira ta Kurmin Mashi, tsohuwar shugabar makaranta, mai shirin aurar da 'yarta Ilham. Ta sauke turmi goma sha biyu na 'yan uwan amarya a shagon, ta miƙa waya. "Wannan nake so, sak. A fara da tawa."

Bara'atu ta kalla sau biyu. Ta kalla na uku, abin da ba ta taɓa yi ba. Riga ta lafe a jiki kamar an shafa, wuya ɗan tsukut, ba zif, ba maɓalli, ba ɗinki a gefe, furannin kuma kowanne ya haɗu da ɗan uwansa kamar a jikin macen aka buga atamfar. A nan ya kamata ta buɗe baki ta tambaya. Ina! Bara'atu ta ce wani tela ya fi ta? Kwana uku ta yi tana yanka takarda, tana tsaki, tana zargin tabaraunta. Ƙarshe ta yi abin da hankali zai ɗauka: ta sa zif a baya, ta buɗa wuya, ta yi ɗinkin gefe.

Hajiya Zuwaira ta gwada, riga ta zauna ɗas. Amma ta ɗaga waya kusa da madubi ta taɓe baki. "Ba ita ba ce. Bara'atu, in hannu ya tsufa ai sai a faɗa wa mutane." Ta kwashe sauran turamen ta tafi. Kafin mako ya zagayo magana ta kai gidajen suna da na biki, mata biyu suka aiko a ba su kayansu.

Wata mai kitso maƙwabciyarta ce ta fasa mata ƙwan, ta ce ai hotunan Alhaji Nasiru duk na na'ura ne. Bara'atu ta ciro wata atamfa tata daga akwati, ta ɗinka rigar hoton yadda take, ba ƙari ba ragi. Ta jira ranar da 'yan layin atamfa na Babbar Kasuwa ke zaman taronsu bayan Azahar, ta hau Keke Napep da ƙullinta.

Shugaban layin, Alhaji Abdurrahim, dattijo ne da ba ya son hayaniya. Yana ganinta ya gyara zama. "Hajiya Bara'atu, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Alhaji. Kaya na kawo wa ƙanena." Ta warware rigar a gaban Nasiru, wanda take kira haka saboda sabon ciniki. "Ga tallarka. Sa wa waccan." Ta nuna mutum-mutumin roba da ke ƙofar shagonsa.

Nasiru ya yi dariya, ya ɗauka. Ya zura ta ka, wuya ya ƙi wucewa. Ya gwada ta ƙafa, ƙugu ya ƙi. Gumi ya fara keto masa. Sai ya murɗe hannuwan robar ya ajiye, ya cire kan, da ƙyar rigar ta sauka.

"Ga shi ta shiga, Yaya."

"Ta shiga. To Hajiya Zuwaira fa, kai za ka cire mata kan ko ni?"

Layi ya kwashe da dariya, har masu shadda suka leƙo. Nasiru ya ce shi fa bai yi ƙarya ba, atamfar tasa ce, zanen gaskiya ne, kuma duk duniya yanzu haka ake talla. Wani ya ce a bari gwamnati ta yi doka a kan waɗannan na'urori, ai ana ta maganar a rediyo.

"Kafin ta yi, sunan wa ake ci?" in ji Bara'atu. "Ni ban ce ka jefar da wayarka ba. Yi tallarka. Amma in mai awo ya tauye mudu, a layin nan kuna jiran gwamnati? Wannan ma tauye mudu ne, a idon mutane."

Alhaji Abdurrahim ya daɗe yana shafa gemu, yana kallon robar da ba kai. Kafin La'asar aka tsayar da magana. Duk hoton da na'ura ta yi, a rubuta a jikinsa da Hausa, da manyan baƙaƙe, cewa na na'ura ne, ba a ɗinka ba. Kuma kada a ƙara sa sunan tela a ƙarƙashin rigar da ba hannunta ya yi ba. Bara'atu ta ƙara nata sharaɗin, wanda ba a rubuta ba: Nasiru ya kira Hajiya Zuwaira a nan take, a gaban kowa, ya yi mata bayani da bakinsa. Ya kira, yana ta "Hajiya, wato, abin da ya faru..."

Kwana biyu shiru. A na uku, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar shago. Hajiya Zuwaira ta fito, direba na bin ta da turame goma sha ɗaya. Ba ta ba da haƙuri ba, tsohuwar shugabar makaranta ce. Ta zauna a benci ta gyara mayafi.

"Saura kwana tara biki."

Bara'atu ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba. "Da zif ko babu?"

"Ke dai ki ɗinka. Ki sa biyu ma in kin ga dama."