Tiyon da Ya Bi Ta Shagon Tela

Duk tsawon raina ba zan manta ranar da aka zo duba gidan samanmu na Kara-Kara ba. Hayar shekaru masu yawa muka kama, amma wakilin mai gida ya yi watsi da mu, kuma bai yarda mu taɓa komai ba. Matakala ta tsage, rufi na zuba, ga tsohuwata da ke hawa da sanda. Kullum ta sa ƙafa sai gabana ya faɗi.

Muka kafa komite, muka roƙi mai gidan, wanda ke zaune a Yamai, ya bar mana kula da gidan da kanmu. Ya yarda, da sharaɗi: sai ma'aikacin meri, wato ofishin magajin gari, ya shaida ginin na tsaye da kansa, bai haɗa komai da magazin ɗin mai gidan, wato ɗakin ajiyar kayansa da ke gefe, ba.

Mutumin ya zo da hantsi, muna bin sa a baya ba mai tari. Bango ya wuce, wutar lantarki ta wuce. Sai ya durƙusa gindin pampo, ya bi tiyo da ido.

"Ruwanku daga magazin yake shigowa," in ji shi. "Haka ba zan sa hannu ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, babu wata hanya?"

"Ku ja naku tiyo daga titi kafin in dawo."

Hanya ɗaya ce tiyon zai bi: ƙarƙashin shagon wani dattijo tela da ke ƙasan gidan. Ga Salla ta matso, ɗinki ya yi masa tuli, kuma shi ba ya hawa matakalar balle ta dame shi. Ni aka tura. Na tsaya bakin shagon ina ta gaisuwa, na kasa shiga magana.

"Ɗana, na ji komai," ya ce, bai ɗago kai ba. "Hajiya, tsohuwarka, ce za ta ci gaba da hawa wancan abin? Ku fasa."

Ya fitar da kekensa na ɗinki gindin bishiyar bedi, can ya yi ɗinkin Salla cikin zafi. Da ma'aikacin ya dawo ya sa hannu, matakala muka fara gyarawa.

Tun daga nan na gane cewa haƙƙinka ma, sau da yawa sai wani ya takura kansa kafin ya iso gare ka.