Inda Za a Ajiye Kinako

Duk wanda ya san Kuwabara Tomie a ƙauyensu na Tokachi, can arewa mai ƙanƙara, ya san murmushi ba ya sayen yardarta. In mai ciyawa ya ce ta bana ta fi ta bara, sai ta kwance dami ta cusa hannu har gwiwa. In likitan dabbobi ya ce allura ɗaya ta isa, sai ta ce ya nuna mata kwalbar. Mutane suna cewa baƙin hali ne, amma wanda ya tashi cikin cinikin dawaki ba zai ga laifinta ba.

A barga ta yi wayo. Ubanta manyan dawakan ja yake kiwo, irin waɗanda ake tsere da su suna jan kaya mai nauyi a kan yashi, kuma mijin da ta aura, Masaji, sana'arsa ke nan. A wannan sana'a ɗan doki ko dai ya nuna ƙarfi a ɗauke shi tsere, ko kuma dillalai su saye shi. Idan aka tambayi wanda aka sayar, sai a ce ya tafi kudu, kowa ya kama bakinsa. Kudu kuwa Kumamoto ake nufi, inda ake turke su su yi ƙiba, a yanka naman fale-fale a ci shi ɗanye da citta. Tomie ba ta taɓa zagin masu ci ba, don da wannan ciniki aka yi wa ɗanta Naoto karatu. Amma da Masaji ya rasu ta sayar da komai ta bar goɗiya ɗaya, Kinako, wadda ta yi tsere a ƙuruciyarta, ta haifi 'ya'ya, yanzu ta haura shekara ashirin. Ita kam Tomie ta sha alwashin a hannunta za ta mutu.

Sai sanyin ƙashi ya kama Tomie. Wani hunturu ta zame a kan ƙanƙara a bakin barga, ta kasa tashi, har sai da mai raba wasiƙu ya tsince ta. Likita ya ce wani hunturun a nan ba nata ba ne. Naoto ya ce ta dawo wurinsa, ga ɗaki, ga ɗumi. Kuma duk faɗin ƙasar nan, a Kumamoto aiki ya ajiye shi.

Ta ce za ta zo, amma da Kinako. Maƙwabcinta Ishizuka Genzo, wanda suka yi shekara da shekaru suna rigima a kan shingen gona, ya leƙo ya ce ta bar masa goɗiyar ya riƙe. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ta gode, ta san motar dillalan da ke tsayawa a ƙofar bargarsa duk kaka.

A farkon bazara ta sauka Kumamoto neman inda za a ajiye Kinako. Naoto ya ɗauki hutu ya riƙa yawo da ita. Wuri na farko makarantar koyon hawa ce, tsaf-tsaf, ko ƙuda babu. Matashiyar da ke kula da wurin ta tarbe su da shayi, kuma duk abin da Tomie ta tambaya amsarsa i ce. Akwai wuri? Akwai. Za a riƙa fitar da ita kiwo? Kullum. Wannan yawan i ɗin shi ya fara tayar wa Tomie da hankali. Da matar ta ga hoton Kinako ta tambayi nauyinta, sai Tomie ta ajiye kofin shayin ba ta ƙara taɓa shi ba.

Ta bi barga ɗaki-ɗaki tana ɗaga leɓen dawaki tana duba haƙora, Naoto yana biye da ita yana ba da haƙuri. Da ta kai ƙarshe ta juyo.

"Ina tsofaffin?"

"Sun koma gona suna hutawa," in ji matar.

"Wace gona?"

Matar ta ce mai wurin ne ya sani. Tomie ta ɗauki jakarta.

A mota Naoto ya ce nauyin nan don girman ɗaki aka tambaya, ba don komai ba, kuma in ta ci gaba da buɗe bakin dawakan mutane za a kira musu 'yan sanda. Ta ce bargar da babu tsohon doki a ciki ba ta ajiye nata, ko da kyauta ce. Haka suka yi ta yi. Wani wurin ta ce ruwan shan yana wari. Wani ta ce mai wurin ya cika dariya. Naoto dai ya gaji har ya daina musu.

Na ƙarshe a gindin tsaunin Aso yake, wurin wani dattijo mai suna Sakoda, gajere, baƙin rana, marar yawan magana. Bargarsa ta ajiya ba ta da laifi, har da wani tsohon doki mai farin gira da ke gyangyaɗi a inuwa. Tomie ta fara sakin jiki. Sai iska ta juyo, hancinta ya kamo ƙamshin dafaffen sha'ir, mai yawan da ya fi ƙarfin 'yan dawakan da ta gani. Ba ta nemi izini ba, ta zagaya bayan ginin tana dogara sanda. Ga wata doguwar rumfa cike da manyan dawakan ja, jikinsu sumul, babu tabon igiya ko ɗaya a ƙirjinsu. Ba sai an gaya mata ba.

"Na yanka ne," ta ce da Sakoda ya iso.

"Na yanka ne," ya amsa, ko ido bai ƙifta ba. "Daga wajenku suke zuwa. Wancan ɓangare ajiya, wannan ciniki, ban taɓa haɗa su ba."

"Haka kowa yake faɗa."

"To, ba sai kin yarda ba, Kuwabara-san, don ni ba zan karɓi taki ba."

Wannan ne ba ta shirya masa ba. Tun da ta zo kudu babu wanda ya ce mata a'a. Sakoda ya ce ta matso ta duba da kyau. Fankoki suna ta juyawa a saman rumfar, wani bututu yana fesa ruwa, amma dawakan sun sunkuyar da kai, zufa tana bin cinyoyinsu, haƙarƙarinsu yana sama yana ƙasa. Ya ce zafin bai ma fara ba tukuna. Ya ce waɗannan matasa ne, bazara ɗaya kawai yake buƙatar su ƙetare, kuma duk da haka akwai shekarar da yake rasa wasu. Tata kuwa tsohuwa ce da ta saba numfashi cikin ƙanƙara, ga doguwar tafiya a mota da jirgin ruwa kafin ma ta iso.

"In kin kawo ta, za ta kai tsakiyar bazara, daga nan in buga miki waya. Ba na son irin wannan wayar."

Tomie ta sa tafin hannu a wuyan dokin da ke kusa da ita, ta ji zafin jikinsa kamar murfin tukunya. Da ya ɗago kai ta ga faffaɗan goshi da karkataccen farin layi har hanci. Ta san wannan fuska. Jinin angarman Genzo ne, ko a mafarki ta gan shi za ta gane.

Suka kama hanyar komawa gida. Tana ta juya maganar Sakoda tana neman inda ribarsa take. Ko yana da wani abokin ciniki a arewa da zai saye ta da arha? Ko Naoto ne ya riga ya kitsa masa abin da zai faɗa? Ta tambayi Naoto kai tsaye, ya ce, "Haba, Mama," ya ci gaba da tuƙi. Ta bi kowace hanya ta zargi har ƙarshenta, ba ta sami komai ba, kuma ranta ya ɓaci ƙwarai, don hannunta ya riga ya ji abin da ya ji. In ta kawo Kinako, ita da kanta ta kashe ta. In ta bar ta, babu mai barga a kusa da ya rage sai mutumin da ta ga dokinsa a rumfar yanka.

Da ta koma Tokachi ta yi kwanaki tana kewaya zancen kafin ta taka gidan Genzo. Ta same shi yana gyaran kofato. Ta gaya masa ta ga ɗan angarmansa a kudu, yana gaishe shi.

"To, sai me? Ke ba ki taɓa sayarwa ba?" ya ce, bai ɗago ba. "In Kinako kike tsoro, wa zai ci wannan tsohuwar? Sai dai mutum ya bar haƙoransa a faranti."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce in motar dillalai ta tsaya a ƙofarsa, za ta sani. Ya ce ya san za ta sani, ai ko kaza ce ta tsallaka shingenta sai ta sani. Sannan ya sauke ƙafar dokin, ya miƙe yana dafa ƙugu.

"Tomie-san, ranar da aka haifi goɗiyar nan ni na riƙe wa Masaji fitila. A nan za ta mutu. Iyakar abin da zan ce miki ke nan, kin yarda ko ba ki yarda ba."

Ba ta yarda ba, amma da kaka ta yi ta ja Kinako da hannunta ta kai ta bargarsa, da bokitinta da bargonta, ta jera masa yadda ake jiƙa mata dusa saboda haƙoranta sun yi rauni. Ba ta tsaya sallama da goɗiyar ba, don ta san in ta tsaya ba za ta tafi ba.

Yanzu tana Kumamoto. Ƙasusuwanta sun lafa, tana shuka kabewa a bayan gidan Naoto, maƙwabta kuma sun riga sun san ba a yi mata tayin ɗanyen nama. Genzo yana turo hotuna, ita kuma ta ce hoto ana iya ɗaukar na shekara guda a rana ɗaya. Don haka ta koma buga masa waya da safe lokacin ba da abinci, ta ce ya kara wayar a bakin goɗiyar. Sai ta kasa kunne tana sauraron tauna.

Ran nan ta ce masa ai kowane doki haka yake tauna.

"To, kira ta mana," in ji Genzo.

Tomie ta daɗe riƙe da wayar. Tsoro ne ya kama ta, tsoron ta kira a yi shiru, don in aka yi shiru ba ta san abin da za ta yi da sauran kwanakinta ba. Daga baya ta gyara murya ta kira sunan a hankali, yadda take kiransa a bakin barga.

Taunar ta tsaya. Sai ga wata 'yar haniniya ƙasa-ƙasa, da hucin hanci a kan wayar, da muryar Genzo yana faɗa wai za ta cinye masa waya.

Tomie ta share idonta da bayan hannu. Ta ce masa ta ji kamar akwai majina a numfashin, ya ƙara mata bargo, gobe za ta sake bugowa.