Tiyon man da na lanƙwasa da hannuna

A da, idan na zauna a ƙofar gidanmu a Mallawa, kowa yakan yi shiru ya ji abin da zan ce. Yau sai dai a yi mini sallama daga nesa a wuce. Na yi shekaru da yawa a waje, na ɗauki kaya a tashar jirgin ruwan Abijan, na yi gadi a Legas, na yi gini a Libiya. Ina jin Faransanci da Larabci da ɗan Yarbanci, kuma na dawo gida ina ganin kowa a ƙauyenmu jahili ne.

Muna da tsohuwar a-kori-kura, ni da ƙanena, da ita muke kai amfanin gona kasuwa. Wata kaka tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa inji ya yi tsatsa yana ɗiga. Makanikin garinmu ya durƙusa ya gaishe ni, yana ce mini Baba, ya ce in bar masa aikin. Na ce ba da ni ba. Sai ya roƙe ni abu biyu: sabon tiyon ya bi ta inda tsohon ya bi, kuma in haɗa bakinsa da guntun roba a wajen inji, don hanyarmu girgiza gare ta. A gaban mutane na tambaye shi ko ya taɓa wuce Magarya a rayuwarsa, na ce roba aikin masu faci ne.

Na sayo tiyon jan ƙarfe, na cika shi da busasshen rairayi yadda na ga ana yi a Libiya don kada ya tsuke, na gasa, na lanƙwasa. Ƙanena ne ya riƙe mini. Aikin ya yi kyau a ido. Don in gajarce hanya na bi da shi ta gefen salansa, wato bututun hayaƙin motar, na ɗaure shi tamau, ba roba ko kaɗan.

Ranar kasuwar Guci ƙanena ya loda wakensa na shekara ya tafi. Girgiza ta tsaga tiyon, mai ya zubo kan salansa mai zafi. Mota ta ƙone, wake ya ƙone, hannunsa na dama ya ƙone wajen jawo buhuna.

Abin da ya fi cina shi ne abin da na yi bayan nan. Da aka zo jaje, na ce makanikin ne ya taɓa motar bayan na gama. Mutane suka daina kai masa ko babur, har ya kwashe iyalinsa ya tsallaka Najeriya. Ƙanena bai ƙaryata ni a gaban jama'a ba. Da muka keɓe ya ce mini, yana kirana Yaya kamar kullum, ya yafe mini hannun, amma ƙaryar ba zai yafe ba. Daga baya na faɗi gaskiya a masallaci, sai dai wanda na zalunta ba ya nan ya ji.

Duk wanda ya dawo daga tafiya, kada ya raina mutumin da ya san ramukan hanyar garinsu. Idan kuma ka yi ɓarna, ka amsa ta tun ranar. Makanikin bai dawo ba. Ƙanena ya ja katanga a tsakiyar gidan ubanmu, kuma tun ranar ba mu sake cin tuwo a kwano ɗaya ba.