Mutum-mutumin Kakata

Jiya ɗana ya miƙo mini waya in ga wani ƙarfe mai ƙafa biyu yana ɗaukar kaya kamar ɗan dako. Na tambaye shi sunan abin. Ya ce a makarantarsu butum-butumi suke cewa, wasu saƙago, a rediyo kuma mutum-mutumi. Na yi dariya har ya ji haushi. Shi a zatonsa tare da wayar aka kawo sunan.

Ni a gonar kakata na san mutum-mutumi, can bakin dajin Kamuku, inda birai ke saukowa da zarar masara ta yi goyo. Sanduna biyu ne a gicciye, da tsohuwar rigar kakanmu, da malafa, da gwangwanaye a rataye. Kowa yana kafa irinsa, kuma kowa birai na yi masa ɓarna, domin kwana uku ya ishe su su gane abin ba ya motsi. Har a kafaɗarsa suke zama suna ɓare masara.

Shekarar da kakanmu ya rasu, kawunnaina suka ce kakata ta haƙura da gonar, tsohuwa ba ta iya wa birai. Da sassafe ta tuge sandunan ta ɓoye, ta zura rigar, ta kifa malafar, ta tsaya a gurbin da hannuwa a ware, kulki a cikin hannun riga. Ina laɓe a bukka ina kallo. Raɓa ta jiƙa ta, cinnaku na cizon ƙafarta, ko gezau. Babban birin ya taho da taƙama zai hau kafaɗa kamar kullum. Ƙarar da ya yi har yau tana kunnena.

Daga ranar, yau itace, gobe ita, jibi ba wanda ya sani. Birai suka daina yarda da rigar, rumbunmu ya cika.

"Ba itacen suke tsoro ba," ta ce da ni tana sosa ƙafa. "Tsoronsu kada a ce da mutum a ciki."

Yanzu gonar tawa ce. Mun yi shekaru ba mu taka ta ba, kun dai san dalili, masu bindiga sun mamaye dajin. Ƙanena da ke Kaduna kullum maganarsa in sayar, wai nan gaba ma na'ura ce za ta yi noma. To, ta yi a can. Ni ban sayar ba, kuma ba na sayarwa. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba, waɗannan ba birai ba ne da kulki zai kora. Amma in na bari kowa ya tabbata babu mutum a gonar, na riga na rasa ta.

A bana, da abin ya ɗan lafa, na shuka masara. Na kafa sanduna, na zura musu tsohuwar rigata. Ɗana ya dubi abin yana murmushi, ya ce, "Baba, wannan ce na'urar tamu?"

Na ce masa ya riƙa yin sallama kafin ya matso, don bai san ranar da ni ne a ciki ba.