Baƙon da Rufe Gada ya Bar Mana

Jiya da rana ina zaune a inuwa, sai na ji 'yar maƙwabta tana kankare ƙanzo a gindin tukunya. Ƙara ce da ake ji a kowane gida. Amma ni duk sa'ad da ta shiga kunnena, wani dattijon Bature nake tunawa, durƙushe a ƙofar gidanmu a Gaya, da cokali a hannu, yana kankare ƙanzon shinkafa. Bari in gaya maka yadda aka yi ya zo hannunmu.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuwa ban isa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Gidanmu yana kan hanyar da ke gangarawa gadar da ta ƙetara kogi zuwa Dahome, wadda yanzu ake kira Benin. Kakana mai masauki ne. Direbobin kamyo, manyan motoci masu kai gyaɗa can, a zaurensa suke sauka, kakata ke ciyar da su. Babana masunci ne, ya fi daɗewa cikin jirgi fiye da kan tudu.

Wata shekara da sanyi, kogi ya cika, lambuna sun yi ja da tumatir, sai manyanmu da na Dahome suka sami saɓani, aka rufe gada. Mu yara ba mu san dalili ba. Abin da muka gani shi ne sojoji a bakin ruwa, da motoci jere cike da buhuna, da mutanen Dahome da muka saba da su, tela da malamin lakwal da mai gasa burodi, sun ɗaure kayansu sun ƙetare.

A cikin ɗaya daga motocin nan baƙon ya zo. Gajere ne, kansa ya yi furfura, hannuwansa baƙi ƙirin da man inji. Kawuna, wanda ya yi soja a zamanin Faransa, shi ya zama tafinta. Ya ce mana mutumin makaniki ne, kuma ba Bafaranshe ba ne. Daga Ispaniya yake, wani yanki da ake ce wa Kataloniya, masu harshensu daban. Yaƙi ya kore shi yana saurayi, ya haye duwatsu da ƙafa, ya yi ta gyaran motoci cikin hamada har ya dire Yamai, bai taɓa komawa ba. Yanzu ya sami labari uwarsa tana raye amma ta tsufa tukuf, shi ne ya kama hanyar Kwatano don ya shiga jirgin ruwa. Kakana ya ba shi ɗakin da ke jikin zaure.

Wahalar ta fara daga akushi. Da safe a kai masa koko da ƙosai, ya kurɓi kaɗan ya ajiye. Da azahar a kai abinci, ya ce lokaci bai yi ba tukuna, a garinsu sai rana ta karkata ake cin na rana. Kafin ya waiwayi tuwon ya sandare. Miyar kuɓewa kuwa kallonta kawai yake yi tana zarewa daga cokali. In ya zauna da maza sai ya yi ta magana da abinci a gabansa, alhali mu an koya mana a ci shiru a tashi. Kullum kwano ya koma ciki kusan yadda ya fito.

Kakata mace ce da ba a taɓa maido mata da abinci ba. Ta canja miya, ta soya kifi, ta yi dambu. Daga baya ta daina magana a kai, sai dai ta buɗe kwano ta duba ta rufe.

Ana haka zazzaɓi ya kama shi. Lokotoro, wato likita, ya zo ya ba shi kinin, ya ce maganin ba zai yi aiki a cikin da babu komai ba. Mutumin ya rame, idanunsa suka faɗa. Na ji kakana yana ce wa kawuna in Bature ya mutu a gidan nan cikin wannan rikici, har Doso za a kai mu tambaya. Kakata da ke bayan danga ta ce ita ba tambaya ta dame ta ba, tsohuwar da ke jira ce ta dame ta.

Ba al'adarta ba ce ta fito wurin baƙi maza. Ran nan ta yafa zane, ta tsaya a bakin ƙofarsa, ta ce wa kawuna, "Tambaye shi, in ba shi da lafiya yana yaro, me uwarsa ke ba shi?"

Kawuna ya fassara masa. Baƙon ya lissafa a hankali: burodi, tumatir, tafarnuwa, mai, gishiri.

"A dafa su yaya?"

"Ya ce ba a dafawa, Inna."

Ta dubi kawuna kamar shi ya ɓata fassarar. Amma ba ta yi musu ba. Tumatir da tafarnuwa suna lambu, man gyaɗa yana kwalba. Burodi ne babu, tunda mai gasa shi yana ƙetare.

Babana yana gyaran koma a tsakar gida, ya ji komai. Washegari da sassafe ya tura jirginsa kamar kullum. Masunta ba a hana su ruwa ba, amma an hana a taɓa wancan gaɓar. Hantsi ya yi bai dawo ba, rana ta take tsaka bai dawo ba. Innata ta yi ta shara inda ta riga ta share. Sai bayan azahar ya shigo, wandonsa jiƙe, da dogayen burodi naɗe cikin koma. Ya ce sojojin bakin ruwa sun tsare shi, sun zazzage jirgin suna neman makami. Da suka ga abin da ya ɗauko, babbansu ya tambaye shi ko don wannan ya sayar da ransa. Babana ya ce masa baƙonmu ne ba shi da lafiya. Suka zaunar da shi a rana, daga baya suka ɗauki guda suka sake shi. Babana ya kuma ce mai burodin ya tambayi kowa na unguwa ɗaya bayan ɗaya.

Aka tallafo baƙon ya zauna a tabarma. Ya tsaga burodin a tsaye, ya sa aka ɗora shi kan garwashi har ya yi ƙamas-ƙamas. Ya goga masa tafarnuwa. Ya raba tumatir biyu, ya yi ta murza shi a kan burodin har sai da fata kawai ta rage a hannunsa. Ya ɗiga mai, ya barbaɗa gishiri. Ya ce a garinsu man zaitun ake sawa, amma wannan ma ya yi. Ya ci a hankali, idonsa rufe, kuma karo na farko bai yi magana da abinci a gabansa ba.

Ya miƙa wa kakata yanki. Ta juya shi, ta ɗanɗana, ta ce, "Wannan ai abincin talakawa ne."

Da aka fassara masa ya yi dariya har da tari. Ya ce gaskiyarta, don kada a zubar da busasshen burodi ake yin sa. Kakata ta ce ita a da ta ɗauka babu talaka a ƙasar Turawa. Daga ranar ta riƙa ajiye masa abinci kan murhu har rana ta karkata, shi kuma ya fara cin tuwo, in dai miyar ba mai yauƙi ba ce.

Da ya ji ƙarfi ya ce zai dafa mana shinkafa irin ta ƙasarsu. Kakata ta ce namiji ba ya shiga madafarta. Ya ce ai can ma wannan shinkafar a waje ake yin ta, ranar hutu, kuma sau da yawa maza ke yi. Ya kai murfin ganga wurin maƙeri aka buge shi ya zama faffaɗan kasko marar zurfi. Ya kafa duwatsu ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida. Ya tafasa kawunan kifi daban, ya soya albasa da tumatir da tafarnuwa har suka yi duhu, ya baza shinkafar fadama siririya, ya zuba romon, ya jera yankan giwan ruwa a sama. Sannan ya naɗe hannu. Kakata tana leƙe ta danga, ta aiko a gaya masa ya motsa, za ta kama. Ya ce so ake ta kama.

Direbobin da gada ta tsare suka kewaye kaskon da kakana da babana. Baƙon ya fara bayanin cewa kowa zai ci daga gabansa, kada ya ƙetara gaban wani. Kakana ya ce wa kawuna, "Ce masa wannan mun riga shi sani." Aka ɗebi na mata aka kai ciki. Da aka kai gindi, sai ga baƙon ya durƙusa yana kankare ƙanzo. A gidanmu ƙanzo na yara ne. Ya ce a garinsu manya ke rububinsa, kuma wanda aka fi girmamawa ake ba. Ya tara mafi kyau a faranti, ya aika wa kakata.

Maza suka wanke hannu za su tashi, ya roƙe su su zauna. Ya ce a wurinsu abinci ba ya ƙarewa da ƙarewar kwano, ana zama a wurin a yi ta hira, har suna da kalma ta musamman don wannan zama. Kakana, wanda ban taɓa ganin ya daɗe a gaban kwano ba, ya gyara zama ya fito da goro. Baƙon ya ba su labarin gidan uwarsa, da inabin da ke bayan ɗaki, da ƙanwarsa da ya bari tana goye. Wani direba ya ba da nasa labarin, wani ya karɓa. Kiran sallar la'asar ne ya tashe su.

Da aka buɗe gada, motoci suka tashi rana ɗaya. Ya tsaya a bakin danga ya yi wa kakata sallama da 'yar Hausar da ya tsinta. Ta ba shi ƙunshin busasshen kifi, ta ce a gaya masa ya gai da tsohuwa. Wani direba ya ce ya gan shi ya shiga jirgin ƙasa a Faraku, can cikin Dahome. Iyakar abin da muka ji ke nan. Ko ya tarar da ita da rai, ba mu sani ba. Kaskon ya zauna a gidanmu ana soya gyaɗa a ciki har ya huje.

Yau in ka je bakin gada za ka ga motoci sun fi na wancan zamani yawa nesa ba kusa ba, amma babu mai masauki. Direba yana sayen abinci a leda, ya ci a tsaye, ya kwana ƙarƙashin motarsa, ba wanda ya san ko ya ƙoshi. Tafiyar ma ta juya. Yanzu 'ya'yanmu ne ke bin hamada da teku zuwa ƙasar mutumin nan. Jikana yana can yana tsinkar 'ya'yan itace a gonar wani. Da ya kira ni kwanan baya, na tambaye shi ko ya taɓa cin abinci a cikin gidan wani ɗan ƙasar.

Ya ce, "Tukuna, Kaka. Amma akwai wata tsohuwa a jikin gidanmu, ta fara amsa gaisuwata."

Na ce masa ya ci gaba da gaishe ta.