Ranar da Muka Shanya Tumatir a Kan Kwalta

Abubuwa da yawa na shekarar korona sun fara ɓace mini, amma ranar da maigidana ya ɗora tumatirinmu a amalanke ya ce zai je ya zubar da shi a gaban hukuma, wannan kam ko na tsufa na rasa haƙora ba zan manta da ita ba. Har yau in na ji warin tumatirin da ya fara laushi sai gabana ya faɗi.

Ƙauyenmu yana gefen Kurmin Kogi a ƙasar Ikara, gidanmu kuma a bakin titi yake. Kowa ya san mu da noman rani, amma abin da na lura da shi tun ina amarya shi ne da baƙi muke rayuwa. Mu ke noma tumatir, amma ba mu ke cinye shi ba. Sai manyan motoci sun zo daga Kudu da sauran wurare sun kwasa, sannan mai lambu ya samu, dillali ya samu, ɗan dako da mai shayi da mai faci su samu. Har da ni, da nake dafa shinkafa da wake a cikin gida, yaran mota suna sallama a zaure da kwanoninsu. Akwai wani direba da ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma na san shi da muryarsa da kuma yawan yajin da yake so.

Da aka sa dokar hana fita, titin nan da ba ya barci ya yi tsit, har kaji suna kiwo a tsakiyarsa. Ni dama mai tsoro ce, ga goyo a bayana, ga yayarta da ba ta daɗe da fara tafiya ba. In wani ya yi tari a maƙota sai in janye yarana ɗaki. Na wanke hannu har fatata ta tsattsage. Ban taɓa cewa cutar ƙarya ce ba, don mun ji labarin waɗanda suka rasu a birni. Abin da ya fi damun mutane shi ne maganar masu mulki ba ta kwana biyu a wuri ɗaya. Yau rediyo ta ce kaza, gobe ta ce ba haka ba. An yi ta faɗin tallafin abinci, mu dai a gidanmu ba mu ga ko buhun da aka zuba shi ba. Surukata, wadda muke kira Inna, in ta ga ɗanta ya kara rediyo a kunne sai ta ce, "Yau kuma me mai canza maganar nan ta ce?"

Ana cikin haka tumatir ya nuna a lambu. Shi kuwa bai san doka ba. Kuma a kansa muka dogara gaba ɗaya, domin masarar rumbunmu ta kusa ƙarewa, azumi ya matso, damina na tafe. Da tumatirin nan za a sayi hatsin da zai kai mu kaka. In ya lalace, ban san abin da zan riƙa sa wa yarana a baki ba.

Sai wata rana aka sanar cewa za a sassauta dokar na ɗan lokaci, a buɗe kasuwanni mutane su saya su sayar. Wayyo, ku zo ku ga murna! A wurinmu in gobe motoci za su zo, yau ake tsinka, kuma da zarar mutum ɗaya ya shiga lambu da kwando, kowa sai ya bi, don ba wanda yake so mota ta cika a bar shi. Gari duka ya koma fadama. Malam, wato maigidana, ya tsinke komai, har da wanda zai iya ƙara kwanaki a jikin uwarsa, ya ce wa ya san ranar da za a sake buɗewa. Ni ma na jiƙa wake, na ɗora babbar tukunyar da ta daɗe a kife.

Gari ya waye, kwanduna sun yi layi a bakin titi. Hantsi ya yi, ba mota. Azahar ta yi, ba mota. Can sai wani direba ya kira dillalinmu a waya ya ce an mayar da su tun daga kan iyakar jiha, wai sassaucin bai shafi masu shigowa daga waje ba. An buɗe kasuwa, an bar hanya a rufe. To wa zai sayi tumatir a garin da kowane gida akwai shi? Shinkafar da na dafa wa baƙi, mu da maƙota muka cinye ta, ba wanda ya ji daɗinta.

Washegari kwandunan suka fara tsiyayar da ruwa ta ƙasa, ƙudaje suka taru. Ina tsakar gida ina jin muryoyin maza a zaure suna tashi. Wani yana cewa, "Su da firji da albashi, me suka sani?" Wani ya ce, "Ko mutum ɗaya aka turo ya tambaye mu yadda muke ci?" Daga nan suka yanke shawara za su kwashi tumatirin su kai shingen da hukuma ta kafa a bakin gari, su juye shi a gabansu, a ɗauki hoto duniya ta gani.

Na leƙa na ga Malam yana ɗaure kwanduna a amalanke. Ban san lokacin da na fita zaure ba.

"Malam, don girman Allah kada ka zubar. Me za mu ci?"

"Me za ki ci a ciki? Ki zo ki shinshina." Idonsa ya yi ja, ban taɓa ganinsa haka ba. "Gara su gani da idonsu. Koma ciki."

Ya kora shanu ya tafi. Na ruga ɗakin Inna ina cewa ga abincinmu can za a zubar, kuma in rigima ta tashi kama shi za a yi. Tana zaune tana tsinkar zogale. Ta dube ni, ta dubi rana ta bakin ƙofa, ta daɗe tana kallonta.

"'Yar nan, bar kukan nan haka. Ɗauko mini wuƙaƙen gidan nan duka, ki leƙa maƙota ki ce mata su fito da nasu. Da tsintsiya."

Ban fahimci komai ba, amma na yi. Na goya ƙaramar, na bar babbar wa maƙociyata, na zura hijabi muka bi bayansu.

Shingen ganguna ne da katako mai ƙusoshi. Akwai ɗan sanda, da 'yan sintiri na garinmu da sandunansu, da wata malamar asibiti mai riƙe da abin auna zafin jiki. Mun tarar maza sun kewaye su ana ta ihu. Malamar ce a gaba, takunkumin fuskarta ya koɗe saboda wanki. Tana cewa da dattijon da ke gabanta, "Wallahi Baba, ni ma a rediyo nake ji kamar ku. Mahaifina raken da ya sara a Makarfi yana can yana bushewa." Ba wanda ya saurare ta. Ni kuwa idona ya sauka a gaban hijabinta, na ga ya jiƙe wuri biyu. Duk mai shayarwa ta san wannan. Ta baro jariri a gida tun safe, nono ya cika yana zuba, ga maza suna yi mata ihu a kan abin da ba ita ta yanke ba. Da na fito daga gida haushin duk wani mai kayan hukuma nake ji. A wurin sai na ji tausayinta ya kama ni.

Wani ya juye kwandon farko, tumatir ya gangara a kan kwalta. Malam ya kama nasa zai juye. Sai Inna ta ratsa tsakaninsu, ta sunkuya da ƙyar, ta ɗauki guda ɗaya, ta goge da gefen zanenta, ta raba shi biyu, ta ajiye a kan titi cikinsa yana kallon rana.

"In dai a titi za ku zubar," in ji ta, "ku bari mu yanka tukuna."

Wani ya ce, "Inna, a tsakiyar hanya? Mota fa?"

"Wace motar? In ka ga mota ai ka gama kuka."

Dariya ta kuɓuce wa wasu. Dillalinmu ya ce, "Yanzu duk wahalar nan a kauɗa za ta ƙare?"

"To kai ka zauna ka ci ƙuda," in ji Inna.

Kauɗa, wato busasshen tumatir, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Amma ragowar da motoci suka bari ake yi da ita, kaɗan-kaɗan a bayan gida. Ba wanda yake da filin da zai shanya amfanin gari guda, shi ya sa ba ta zo wa kowa a rai ba. Ga shi kuwa fili a gabanmu, baƙi ƙirin, da zafi kamar tanda, ba abin da ke bi ta kai.

Ɗan sandan ya ce shi dai an hana taro, kuma wannan taro ne. Malamar ta goge zufa ta ce, "Yallaɓai, titin ai da tsawo. Kowane gida ya kama nasa wuri nesa da na wani. Hakan ya fi wannan cunkoson." Ta juyo gare mu ta ce a share kwaltar sosai, mai buhu ko tamfol ya shimfiɗa, kuma kowa ya wanke hannu a bokitinta kafin ya taɓa wuƙa. Ɗan sandan ya ɗaga kafaɗa ya koma inuwa.

Malam yana tsaye riƙe da kwandonsa. Inna ta miƙa masa wuƙa ba ta ko dube shi ba. Ya sauke kwandon a hankali.

Mun yi yanka har ruwan tumatir ya ci mana yatsu. Maza da ba su taɓa riƙe wuƙar girki ba suna yanka, mata suna yi musu tsiya. Wanda ya riga ya ruɓe muka ware, kuma da yawa ne, ina warewa ina jin kamar naman jikina nake yarwa. Kafin la'asar titin ya zama ja iya ganin ido. Na koma gida na dafa sauran waken, na kai wa masu yanka, na zuba wa malamar nata daban. Na ce mata a hankali, "Malama, ki ci, mai shayarwa ba ta zama da yunwa." Ta kalli gaban hijabinta, ta kalle ni, idonta ya kawo ruwa. Ta juya baya ta sauke takunkumin ta ci.

Kwanakin da suka biyo baya a kallon sama na yi su, don ruwan farko in ya taɓa kauɗa ta tashi aiki. Ta kusa bushewa ke nan, wata yamma hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso. Gari duka ya fito da gudu. 'Yan sintiri suka yar da sanduna suna tura kauɗa a buhu, ɗan sandan nan ma na gan shi yana jan tamfol. Ruwan ya ci na ƙarshen layi, har da wani ɓangare na namu, amma mafi yawa ya shiga ɗaki.

Ba zan ce mun ci riba ba. Wasu sai da suka sayar da awaki, maƙocinmu ma bai iya yin lambu ba a shekarar da ta biyo. Amma da damina ta yi nisa ɗanyen tumatir ya yi wuya, aka buɗe hanya. Wata safiya na ji murya a zaure: "Salamu alaikum, mai shinkafa tana nan da rai? A cika yaji!" Na zauna a bakin murhu na yi kuka. Motar direban nan ce ta kwashi kauɗarmu, ita ta zama masarar da ta kai mu kaka. Yarana ba su kwana da yunwa ba.

Har yau ina jin ciwon abin da masu mulki suka yi mana. Ban ga laifinsu ba da suka rufe hanya don tsare rai, amma da sun tambayi mutanen da ke ci daga hannun baƙi kafin su yi sanarwa, da ba mu tsinke lambu a banza ba. Malam yanzu ba ya taɓa kwando sai direba ya ce masa a waya ya shigo jiha. Ni kuma abin da na koya shi ne, wanda aka tsayar a bakin shinge sau da yawa shi ma a cikin wahalar yake, kuma haushin na sama bai kamata ya sa mutum ya zubar da abincin 'ya'yansa ba. Shi ya sa duk ranar da na ga Malam ya fusata ya nufi ƙofa, kafin in ce masa komai sai na fara duba abin da ke hannunsa, ko akwai wanda za a iya yankawa a shanya.