Malfa tara a bisa almuru

Assalamu alaikum jama'a. Wata bakwai ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu aiko min saƙo suna cewa "Mushe Haruna, ko ka yi hushi da mu ne," ku gafarce ni, jinya na yi. Sai yau na iya zama in ba ku labari.

Wanda bai san ni ido da ido ba, ni zabiya ne. An haife ni a wani ƙauye cikin Kurfai, gab da Filinge. Babana manomin gero ne, in rani ya yi kuma yana saƙa malfa da kaba ya kai kasuwa.

Tun ina rarrafe malfa ke kaina. Gona sai da sassafe, hantsi na ɗagawa a kore ni gindin gawo. Riga kuwa mai dogon hannu, ko ana zafi kamar me. Baba bai taɓa jin sunan cutar da yake kare ni daga gare ta ba. Ya dai ga yadda zabiyan ƙauyukanmu ke ƙarewa da gyambo, ya ji tsoro.

Da na tafi Yamai karatu, ranar farko na shiga lakwal, wato makaranta, da malfata. Wani ya ce, "Ɗan Kurfai, ina ka baro shanun?" Aji ya kwashe da dariya. Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina. Washegari na sayi ƙaramar hula irin ta ƴan birni, wadda ba ta rufe kunne ko ƙeya.

Shekara tara ina haka. Na zama malamin lakwal, shi ne ake ce min Mushe, na sayi moto, wato babur, ina kai da kawowa da tsakar rana. Kowace shekara Baba kan ba direban motar Filinge sabuwar malfa ya kawo min. In buga waya in yi godiya, in ɗora ta bisa almuru, wurin da muke ajiye tufafi.

Abin ya fara da ɗan ƙurji a bakin kunnena na hagu. Ya yi ɓawo, ya faɗi, ya sake yi. Ba zafi. Na shafa man kaɗe, na shafa maganin farmasi, wata biyar shiru. Matata Rabi ce ta ga jini a matashin kai, ta ce, "Malam, ni kam ba ni ƙara wanke wannan in yi shiru. Gobe likita."

Likitar fata ta duba, ta tambaye ni, "Tun yaushe?" Da na faɗa mata, sai ta ajiye biro ta dube ni. Aka yanki ɗan nama aka kai analiz, wato gwaji. Mako uku na jira. Ina tsaye gaban allo ina koyarwa, hankalina na can.

Sakamako ya fito: sankarar fata.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ɗiyata ba ta ko shiga lakwal ba tukuna. Likita ta ce, "Rana ce ta shekara da shekaru. Za mu cire rabin kunnen, mu duba wuyanka. In ba ta kai can ba, ka gode Allah."

Raguna biyu da nake kiwo a gida aka sayar don aikin. Aka yi hoto, aka ɗibi jini, aka yi min fiɗa. Kullum bayan kwana biyu wankin ciwo, kuma wankin nan ya fi fiɗar zafi. Sai wani jira kuma, na sakamakon wuya.

Baba ya zo duba ni a gida. Tsohon da ko Filinge sai ranar kasuwa yake shiga, shi ne ya hau mota har Yamai. Yana zaune bisa tabarma, idonsa ya kai kan almuru. Ya miƙe ya sauko da malfunan nan tara ɗaya bayan ɗaya, duk sababbi, ƙura kawai.

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ashe ba su mutu ba. Ni cewa nike rana ta cinye su, shi as sa nike aiko ma wata."

Rabi ta fita daga ɗakin. Ni kuwa na yi kuka, ina da shekara talatin da ɗaya.

Alhamdu lillahi, wuya ya fito lafiya, kuma sun ce an cire ta duka. Zan riƙa komawa bincike duk wata uku. Na gode wa likitoci, na gode wa Rabi, na gode muku da addu'a.

Ƴan'uwana zabiya, da iyayensu: a birni akwai man kariyar rana da likitan fata, amma muna jin kunyar malfa. A ƙauye akwai malfa, amma ana barin ciwo sai ya ci wuri kafin a nemi mota. Ku haɗa duka. Malfa mai faɗi, dogon hannu, inuwa da tsakar rana, man kuma a shafa har kunne da ƙeya da leɓe. Ƙurjin da ya yi wata bai warke ba, a kai shi likita. Masu baƙar fata ma kada ku ce ba ruwanku, likita ta ce min sankarar takan fito a tafin ƙafa ko a tsohon tabon ƙuna.

Masu tsokana kuma, don Allah ku rage. Dariyar minti ɗaya ce ta ci min kunne.

Kafin Baba ya koma, ya ɗauki ɗaya cikin taran, ya fito da kabar da ya zo da ita a jaka, ya ƙara mata faɗi ta gefen hagu. Ranar Litinin da ita na koma lakwal. Yara sun ɗan yi dariya, ban cire ba.